Zuciyar da Fatawa Ba Ta Kwantar Ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas, yau shekarata goma sha ɗaya a cikinta. Maigidana, wanda ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ya koya mini sana'ar, yana zaune a Kano yana turo mini tumatir da tattasai, ni kuma in sayar, in cire la'adata, in tura masa kuɗinsa. Kimanin shekara huɗu na yi ina faɗa masa farashi ƙasa da yadda na sayar, ragowar in soke a aljihuna. Bai taɓa ganewa ba har Allah Ya yi masa rasuwa bara. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, huɗu daga cikinsu ƙanana ne. Yanzu babban ɗansa ne ke turo mini kaya, yana kirana Baba, kuma ya ce mahaifinsa ya yi masa wasiyya kada ya rabu da ni saboda amanata. Tun ranar da ya faɗa mini wannan magana barci ya ƙaurace wa idona. Abokan sana'a sun ce haka kasuwa take, kowa yana yi. Wani malami ya ce in yi istigfari in yi wa mamacin sadaka, na yi, amma raina bai kwanta ba. Wani kuma ya ce waswasi ne kawai. Malam, mene ne wannan abin da ke cin raina? Lamiri ne ko Shaiɗan? Idan lamiri ne, me yake so in yi, alhali idan na buɗe baki mutuncina ya zube?

Wani dillali, Mile 12, Legas

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙan maigidanka, Ya albarkaci bayansa, kai kuma Ya ba ka ƙarfin ƙarasa abin da ka soma da wannan wasiƙa.

Abin da ke hana ka barci ba waswasi ba ne, kuma ina roƙonka kada ka sake barin wani ya raɗa masa wannan suna. Waswasi muna ganinsa kullum a bakin famfon masallaci: mutum ya wanke hannu sau uku, ya ji kamar bai wanke ba, ya sake, har liman ya yi ruku'u yana nan yana fama da buta. Alamarsa ita ce kokwanto ne da ba shi da hujja, ba shi da iyaka, kuma ko ka biye masa ba ya gaya maka ranar da zai rabu da kai. Naka kuwa ba kokwanto a cikinsa ko kaɗan. Ka san mutumin, ka san shekarun, ka san kayan, kuma na tabbata idan ka zauna da takarda da biro za ka iya kusantar adadin kuɗin. Damuwar da ta zo da suna da lissafi, ta kuma nuna maka ƙofar gidan da za ka je ka ƙwanƙwasa, ba aikin Shaiɗan ba ce, domin Shaiɗan bai taɓa tashin mutum tsakar dare don ya mayar wa marayu haƙƙinsu ba.

Ka tambaye ni mene ne lamiri. Kalmar mun aro ta ne daga Larabci, inda asalinta ke nufin abin da yake ɓoye a cikin mutum, kuma harafin farkonta ya koma "l" a bakinmu kamar yadda ya koma a alƙali da alwala da larura. Amma tun kafin kalmar ta shiga jaridu iyayenmu suna da hanyoyinsu na faɗin abin. Suna cewa "zuciyata ba ta ba ni ba", suna cewa "abin ya tsaya mini a rai", idan kuma ciniki ya yi tsauri sai mai saye ya dubi mai sayarwa ya ce, "Faɗa mini tsakaninka da Allah." Duk wanda ya furta wannan ya yarda cewa a cikin abokin cinikinsa akwai wani shaida da ba a gani, wanda ya san ainihin farashin ko da baki ya faɗi wani. Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsa. A Suratush Shamsi Allah Ya yi rantsuwa da rai da Wanda Ya daidaita shi, Ya kimsa masa sanin fajircinsa da taƙawarsa, a farkon Suratul Ƙiyama kuma Ya yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa, a aya ta biyu, daf da rantsuwar da Ya yi da ranar tashin alƙiyama. Ina ganin akwai abin lura a wannan maƙwabtaka ta ayoyin biyu: zargin da kake yi wa kanka da ƙarfe ukun dare a ɗakinka ɗan ƙaramin zaman hisabi ne da aka ba ka tun kana da damar gyarawa.

Akwai hadisai biyu da na tabbata ka haddace su a Islamiyya, domin Imam Nawawi ya haɗa su a hadisi na 27 cikin Arba'una. A na farko, wanda Muslim ya ruwaito daga Nawwas ɗan Sam'an, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce zunubi shi ne abin da ya sosa maka rai, kuma ka ƙi mutane su tsinkaye shi. Ka ɗauki waɗannan alamomi biyu ka koma da su kasuwa. Na san yadda asubar Mile 12 take: motoci sun kwana biyu ko fiye a hanya daga Arewa, 'yan dako suna ta sauke kwanduna, mata masu sari sun kewaye kaya suna latsawa suna tayawa, farashin ƙarfe shida ba shi ne na ƙarfe goma ba, domin tumatir ba ya jiran kowa. Mai kaya yana can nesa, tafiyar kusan kilomita dubu, ba shi da ido sai naka, ba shi da kunne sai wayar da za ka buga masa. To, ina tambayarka, kuma ba sai ka ba ni amsa ba: a lokacin da za ka buga wa Alhaji maigidanka waya ka faɗa masa yadda aka sayar, a gaban matar da ta biya kuɗin kake tsayawa, ko kana ɗan zagayawa bayan mota ka rage murya? Idan ƙafarka ta saba kai ka bayan mota, to ƙafar ta riga malamai ba ka fatawa tun shekarun baya.

Hadisi na biyu shi ne na Wabisa ɗan Ma'abad, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya nemi fatawa a wurin zuciyarsa, ya bayyana masa cewa aikin kirki shi ne abin da rai ya natsu da shi, zunubi kuwa shi ne abin da ke kai-kawo a ƙirji, ko da mutane sun ba ka fatawa sun kuma sake ba ka. Wannan shi ne halin da kake ciki daidai. Ba na zargin malamin da ya ce ka yi sadaka, domin malami yana amsa abin da aka tambaye shi ne, kuma mu masu tambaya mun iya gyara tambaya ta yadda za ta haifi amsar da muke so. Mai yiwuwa ka ce masa akwai haƙƙin wani mamaci a kanka, ba ka ƙara da cewa ka san gidansa, ka san matansa, kana magana da ɗansa kowane mako ba. Yin sadaka da dukiyar wani a madadinsa hanya ce da malamai suka buɗe wa wanda ya nemi mai haƙƙi ko magadansa ya rasa. Wanda lambar magaji ke cikin wayarsa bai shiga wannan sauƙi ba. Tun da Alhaji ya rasu kuɗin nan sun tashi daga nasa sun zama na mata biyu da 'ya'ya tara, kuma sadakar da ka yi, Allah Ya karɓa, ba ta rage ko kwabo daga abin da suke binka ba. Jaridar Guardian, wadda ake bugawa a nan Legas tun 1983, ta daɗe tana ɗauke da wata magana da ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cewa lamiri buɗaɗɗen miki ne wanda gaskiya kaɗai ke warkar da shi. Sadakarka tsumma ce mai tsabta da ka ɗaure a kan mikin, amma ƙayar tana ciki.

Sai dai dole in yi maka wani tsokaci, don kada wani mai karatu ya ɗauki hadisin Wabisa ya mayar da zuciyarsa alƙalin alƙalai. Zuciya ba ta halatta abin da Allah Ya haramta a fili, ba ta kuma haramta abin da Ya halatta. Aikinta yana fitowa ne a wurin da babu mai gani, da wurin da magana ta rikice, da wurin da mutum shi kaɗai ya san abin da ya ɓoye wa mai ba shi fatawa. Kuma tana iya dushewa. A Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu, aya ta 14 ta ce abin da suke aikatawa ya yi tsatsa a kan zukatansu, kuma Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan bawa ya yi zunubi ana ɗiga masa baƙin ɗigo a zuciya, in ya tuba a goge, in ya koma a ƙara, har ya rufe ta. Saboda haka barcin da abokan sana'arka ke yi lafiya lau ba hujja ba ce a kanka. Mai yiwuwa wasunsu sun taɓa jin abin da kake ji a shekarar farko, suka danne shi, ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka shi ne shekara huɗun da ka yi kana barci, ba watannin da ka yi ido biyu ba.

Maganarsu ta "haka kasuwa take" ita ma tana buƙatar a tsaya a kanta, domin akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma shi ya sa take ruɗin mutane. Shari'a tana la'akari da al'adar 'yan kasuwa, amma al'adar da ɓangarorin biyu suka sani suka kuma yarda da ita. La'adarka al'ada ce, Alhaji ya san da ita, halal ɗinka ce. Da ya ce maka, "Sayar mini kwando a kaza, abin da ya hau naka ne," da magana ta sauya, domin Buhari ya kawo cewa Ibn Abbas bai ga laifin irin wannan sharaɗi ba, ko da yake wasu malamai sun ƙi shi saboda ladan ba a san adadinsa ba. Abin da ake yi a ɓoye wa mai kaya kuwa, wanda da zai ji sai ransa ya ɓaci, yawan masu yinsa ba ya mayar da shi al'ada. Dillali wakili ne, wakili kuma amintacce ne, duk abin da kaya suka kawo na mai kaya ne. Ka tuna Urwatul Bariƙi, wanda Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari gaba ɗaya ya miƙa, alhali wayonsa ne ya samar da ribar kuma babu wanda zai tuhume shi da ya riƙe. Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa, har ake cewa ko ƙasa ya saya sai ya ci riba. A kan irin wannan amana aka gina zaman Hausawa a garin nan. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta sauka a Agege, baƙo ya damƙa wa maigida dukiyarsa ba takarda ba sa hannu, ya koma Arewa ya jira. Kasuwar da kake ci a cikinta yau gadon waccan yarda ce, kuma duk dillalin da ya rage farashi a waya yana gutsurar jarin da ba shi ya tara ba.

Wani abu a wasiƙarka ya sa na ji ƙaunarka duk da nauyin laifin. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya tuhumarka, kuma yana kabari. Da tsoron tonon asiri ne ke damunka, da rasuwarsa ta kawo maka sauƙi. Sai ga shi abin da ya karya ka yabo ne, yaro ya kira ka Baba ya ce mahaifinsa ya shaide ka da amana. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma kai ba wanda ya ce maka as, aka ce maka madalla, sai ka kasa ɗauka. Wannan ne bambancin kunyar idon mutane da lamiri: ta farko tana kwantawa idan shaidu suka watse, na biyu kuwa a lokacin yake samun sararin magana. Ka gode wa Allah da Ya bar maka shi da rai.

Yanzu ga abin da nake ganin ya wajaba a kanka. Ba ka faɗa mini ko ka daina ba tun da ɗan ya karɓi harkar, kuma shirunka a nan ya dame ni. Idan ba ka daina ba, motar da za ta iso gobe ita ce farkon tubarka, ka faɗi farashinta yadda yake. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijon dillali a kasuwarku, na ga idan ciniki ya faɗa sai ya kira mai kaya, ya buɗe muryar wayar, ya miƙa ta saitin bakin mai saye ya ce, "Iya, faɗa masa nawa kika biya." Matar ta faɗa da guntuwar Hausarta, mai kaya ya yi dariya daga can ya ce Allah Ya sa albarka, aka wuce wurin. Bai ɗauke shi minti ɗaya ba, ya toshe wa kansa ƙofar da kai ka faɗa ta cikinta. Ka ara.

Daga nan sai lissafi. Ka nemo tsofaffin littattafanka, da saƙonnin banki, da duk abin da zai tuna maka yawan motocin da ka karɓa a kowace kaka. Shekarun ba ɗaya ba ne, domin abin da mutum zai iya ɗorawa a lokacin da kaya suka yi yawa ba shi ne na tsakiyar 2024 ba, lokacin da babban kwandon tumatir ya haura naira 100,000 a Legas. Ka yi wa kanka adalci kuma: idan akwai kuɗin sauke kaya, ko harajin kasuwa, ko wata ɗawainiyar kayan da ka biya daga aljihunka ba ka taɓa cirewa ba, kana da damar cirewa, muddin da gaske an yi su. Inda lissafi ya ɓace maka, ka yi kirdado ka rinjayar wajen magada, har sai zuciyarka ta ba ka cewa ba ka rage musu ba. Kuma ka san nairar da ka riƙe a waɗancan shekaru ba ita ce ta yau ba, musamman bayan faɗuwar da ta yi daga 2023. Ko ba a tilasta maka ba, ina ba ka shawara ka ɗora wani abu a kai, domin Annabi (SAW) ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya.

Kuɗin kuma gado ne, ba na babban ɗa shi kaɗai ba. Matan biyu suna tarayya a tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'ya su raba saura, namiji rabon mata biyu, bayan an fitar da na iyayen mamacin idan suna raye. Saboda haka a miƙa su ta hannun wanda ya raba gadon tun farko, ko wani malami da iyalin suka yarda da shi. Ka lura da wannan sosai: idan kunya ko karamci ya sa babban ɗan ya ce ya yafe, rabonsa kaɗai ya yafe. Ba shi da ikon yafe na iyayensa mata sai da yardarsu, kuma babu mai ikon yafe na yara huɗun nan da ba su balaga ba. Kada ka karɓi yafiyar da ta fi ƙarfin mai yinta, domin za ka dawo Legas ka tarar da rashin barcin yana jiranka a bakin ƙofa.

Saura maganar mutunci, wadda na san ita ce ta fi yi maka nauyi. Malamai da dama sun yi sauƙi a nan, sun ce abin da ya wajaba shi ne haƙƙi ya isa hannun mai shi, ba lallai sai ka zayyana yadda aka yi ba idan hakan zai haifar da fitinar da ta fi. Kana iya cewa, "Wannan haƙƙin mahaifinku ne da ya rage a hannuna daga cinikin shekarun baya," kuma ba ka yi ƙarya ba. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka kai kuɗin da sunan kyauta ko taimakon marayu, a yi ta sa maka albarka a kan abin da dama nasu ne, domin wannan sabon cin amana ne a cikin rigar alheri, kuma irin yabon da ya hana ka barci ne za ka ƙaro wa kanka. Idan ka tambayi ra'ayina, na fi son ka keɓe da babban ɗan ka gaya masa gaskiya a taƙaice, tunda har yanzu dukiyarsa tana bi ta hannunka, kuma yana da haƙƙin sanin wanda yake mu'amala da shi. Mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa ya janye kayansa, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da iko a kansa ba. Amma Buhari ya ruwaito cewa duk wanda ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi ladansa a biya. Zubewar mutunci a gaban mutum ɗaya a cikin zaure ta fi sauƙin ɗauka. Kuma idan la'adar da kake samu ba ta isarka, wanda zai yiwu a tsadar Legas ta yau, a wannan zaman ne za ka faɗa a fili ku sake yanka wata.

Idan kuɗin sun fi ƙarfinka a lokaci ɗaya, kada wannan ya zama dalilin jinkiri. Ka kai abin da ya samu, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa biya duk wata, ka rubuta sauran a takarda a matsayin bashi, mutum biyu amintattu su sa hannu, ka kuma sanar da iyalinka inda takardar take, domin kai ma ba ka san ranarka ba. Annabi (SAW) ya ce wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa, kuma ina kyautata zaton wanda ya juyo da niyyar biya bayan ya kauce ba zai rasa rabo a wannan taimako ba.

Bayan ka gama biya, idan wata murya ta ci gaba da ce maka Allah ba zai karɓa ba, ko kai ba mutumin kirki ba ne har abada, to wannan karon ita ce waswasin, ka nemi tsari daga gare ta ka ci gaba da sana'arka. Amma kada ka tura kuɗin farko ta waya. Ka hau mota ka je Kano da ƙafarka, ka gaishe da iyalin, ka ziyarci kabarin mutumin da ya ɗauko ka daga ƙauye ka yi masa addu'a, sannan ka nemi ɗansa ku zauna. Idan ka dawo ka rubuto mini yadda kuka yi.